Shekarar da Baba Ya Sa wa Allah Rana

Wani matashin mai wa'azi ya buɗe majami'a a bayan layinmu, lasifikarsa kuwa tana da ƙarfi, ko ban je ba ina jin komai daga tsakar gida. Ba ni da abin faɗa a kansa. Yaro ne mai ladabi, in mun haɗu har ƙasa yake gaishe ni. Abu ɗaya ne dai yake tsaya mini a rai, wato in yana addu'a yakan sa wa Allah rana. Yakan ce kafin wata ya mutu wance za ta sami miji, kafin Lahadi wane zai sami aiki, jama'a su amsa da amin har kwanon rufi ya ɗauka. Mai yiwuwa bangaskiyarsa ce ta fi tawa, ban musa ba. Amma duk lokacin da na ji an yanka wa Ubangiji wa'adi, sai in tuna da mahaifina, da wani ɗan yayyafi da aka yi a Kaura shekarar da aka fara shari'a.

Kaurar da na tashi a cikinta gari ne da ake sanin lokaci da kunne. Da asuba ladan ne, bayansa zakaru, sai lugude daga gidajen da mata ke dakan fura. Ranar da kasuwar Shinkafi ke ci, tun da sanyin safiya manyan motoci ke gurnani a tasha, 'yan kamasho na kiran saura mutum ɗaya alhali ba kowa a motar. Ina ƙarami kuma akwai kukan jirgin ƙasa, domin a nan dogo ya ƙare, jirgi in ya iso ba shi da inda za shi sai ya juya. Aikin dogon ne ya kawo Baba daga ƙasar Katsina yana saurayi. Da jirgi ya fara wuya, har ya zama sai an yi sa'a a gan shi, abokan aikinsa suka watse, shi ya zauna. Ya ce ya binne 'ya'ya biyu a garin nan, ba ya barin su su kaɗai. Abin da ya rage masa na dogo shi ne wani guntun ƙarfen layi da aka rataye a jikin darbejiya a ƙofar majami'armu. Shi ne ƙararrawarmu, Baba ne mai buga shi, kuma yana bugunsa kamar ƙarfen ya yi masa laifi. Yanzu an sare darbejiyar an yi shaguna. Ƙarfen ban san inda ya shiga ba, ina jin 'yan gwangwan sun auna shi tuntuni.

Gonarmu tana kan hanyar Zurmi, aro ce daga wani maƙwabcinmu Musulmi, tsohon direban babbar mota da muke kira Baba Direba. Layin gamba ne kawai ya raba gonarsa da tamu. Su biyun sun yi shekaru suna tsokanar juna. Shi yana kiran mahaifina Mai Dogo, yana ce masa jirginku ya mutu ya bar ku marayu, Baba kuma ya ce ai motarka ma sai an tura take tashi. Gero muke shukawa, amma ba kowane gero ba. Wani ɗan gajeren iri ne mai saurin nuna da Baba ya taho da shi daga gidan ubansa, muna ce masa geron gida. In an yi girbi Inna ce ke zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ta sussuke ta dabam, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa tulun nan. Takan ce wanda ya ci iri ya ci baɗi.

Ni a lokacin na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na dawo gida ina jiran aiki. Jihar ɗanya ce, ba a daɗe da yanke ta daga Sakkwato ba, kowa na cewa akwai aiki a Gusau, ni kuwa ina ta kai takardu ina dawowa. Tun ina yaro ban iya amsa tambaya kai tsaye ba. Ko cewa aka yi shin miya ta ji gishiri, sai in ce da alama. Baba ya sa mini suna Malam Watakila. Yakan ce ya sayar da awaki ya kai ni makaranta, abin da na koyo masa duka kalma ɗaya ce. Shi kam bai san watakila ba. Dattijo ne a ikilisiya, mai gaskiya, mai yawan azumi, ba ya cin hakkin kowa, kuma ina jin ya san haka game da kansa fiye da yadda ya kamata. Da tsoro nake faɗin wannan, domin ban kai rabinsa ba.

Da aka ƙaddamar da shari'a, tsoro ne ya fara shigowa majami'a kafin komai. In zan yi adalci, abin da muka ji tsoro ya fi abin da ya same mu yawa. An rufe gidajen giya, Baba ma ya yi murna da haka. Amma jita-jita ba ta bar kowa ya huta ba, yau a ce kaza za a yi, gobe a ce kaza. Wasu 'yan kudu masu shaguna suka kwashe iyalansu, bencunan majami'a suka fara zama wayam. Matan zumunta da ke cika gaba da tulun kiɗansu da kacau-kacau suka ragu, har muryar Inna ta fara fita dabam, ita da ba ta iya waƙa ba. Mu da Hausa ce harshenmu abin ya fi yi mana wani iri, domin ba mu da kudun da za mu koma. Baba kuwa sai ya ƙara wa ƙarfe bugu.

Sai kuma damina ta yi jinkiri. Bazara ta yi tsawo, hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Musulmin gari suka fita filin Idi roƙon ruwa, manya da yara, riguna a juye kamar yadda suke yi, muna jin sautinsu daga gida. Ruwa bai zo ba. Cikin wannan zafin ne wani saurayi a kasuwa, wanda ko sunansa ban sani ba, ya faɗa a gaban Baba cewa ruwa ba zai sauka ba muddin akwai sauran masu buga ƙarfe a gari. Na ji an ce dattawan wurin sun tsawata masa nan take. Baba bai ji tsawar ba, ko kuma ya ji bai riƙe ba. Maganar yaron kaɗai ya kawo gida.

Manoman wajenmu suna da wata dabara da ake kira binne. In ruwa ya yi jinkiri, mutum yakan shuka iri a busasshiyar ƙasa ya rufe ya jira, domin ruwan farko ya tarar da shi a ciki, ya riga na kowa tsirowa. Caca ce, kowa ya sani. In ruwan farko ya yi ƙarfi, ka ci riba. In bai zo ba sam, iri yana nan kwance lafiya, sai abin da tururuwa da zabi suka ɗauka. Haɗarin a tsakiya yake, wato ruwa kaɗan, wanda zai tada iri daga barci amma ba zai riƙe shi ba. Shi ya sa mai hankali ba ya binne duka, yakan bar rabi a tulu. Baba ya fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba.

Ranar Lahadi bayan wa'azi ya miƙe ya ce yana da magana. Ya ce ikilisiya ta shiga azumi, shi kuma gobe zai binne irinsa gaba ɗaya, ba zai bar ko ƙwaya ba, kuma kafin kasuwar Shinkafi ta sake ci ruwa zai sauka, domin garin nan ya san wanda muke bauta wa yana ji. Mutanen da suka daɗe a tsorace suka ji daɗin maganar, aka yi tafi, wasu mata har da guɗa. Fastonmu tsoho ne mai sanyin murya. Ya bari aka lafa, sannan ya ce azumi abu ne mai kyau, roƙon ruwa ma haka, amma shi a iya saninsa bai taɓa jin yumɓu ya sa wa mai ginin tukwane rana ba. Baba ya ce Fasto ya tsufa, tsoro ya kama shi. Ba a gabansa ya faɗa ba, ni ya faɗa wa a hanyar gida.

A gida Inna ta tsaya a bakin ɗakin da tulun yake.

"Maigida, ka ɗebi rabi. Allah ba sai ka ƙure shi yake jin ka ba."

"Rabi na masu shakka ne. Kawo tulun."

"To in ruwan bai zo ba fa?"

"Ke ma kin shiga makarantar ɗanki?" Ya juyo gare ni. "Kai mai digiri, faɗa mata. Za a yi ruwa ko ba za a yi ba?"

Na ce da alama iska ta fara juyawa, mai yiwuwa a yi, amma kuma wani lokaci takan juya ta koma. Inna ta dube ni, Baba ya dube ni, a karon farko a ranar suka yarda da juna a kan abu ɗaya, wato ba ni da amfani. Ta kauce, ya fasa liƙin tulun.

Washegari muka fita. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna biye muna jefa iri muna rufewa da ƙafa, ƙasar na ƙona mana tafin sawu. Yana tafe yana waƙar sujada da ƙarfi, ina jin don gonakin maƙwabta su ji. Baba Direba yana sassabe a tasa gonar, ya zo ya tsaya kan iyaka ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mai Dogo, duka kaka binnewa?" Baba ya ce duka, kuma ya je ya shirya randunansa, kafin kasuwar Shinkafi zai tari ruwa. Baba Direba ya ce Allah shi sa, ai in ya zo ba ya tambayar gonar wa ce. Ya koma sassabensa.

Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne, ruwan ya zo. Ana gobe kasuwa, da la'asar, hadari ya haɗu, aka yi iska, sai ga ruwa yana bugun kwano. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fita suna tsalle. Bai daɗe ba ya ɗauke, ko indararo bai zuba sosai ba, amma ya zo, kuma kafin ranar da aka sa. Baba ya fita cikinsa ba hula, ya tafi ya bugi ƙarfe a ranar da ba ta sujada ba. Mutane suka taru ana waƙa. Ni kaina na yi waƙa har muryata ta dushe, ina cewa a raina ashe haka abin yake, ashe ni ne ban sani ba. Da safe Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci ya bi ta majalisar su Baba Direba, wai gaisuwa ya je. Baba Direba ya yi masa barka da ruwa, sannan ya ce, "Ka tona kuwa?"

Ƙa'ida ce tsohuwa. Bayan ruwan farko manomi yakan durƙusa ya tona ƙasa da hannu, ya ga inda danshi ya tsaya. In ya wuce wuyan hannu, ruwan shuka ne. In a yatsu ya tsaya, ba a yi komai ba tukuna. Baba ne ya koya mini wannan. Amma a ranar ya ce shi ba ya tona alkawarin Allah ya duba ko ya cika.

Geron ya fito. Ban taɓa ganin tsiro mai kyau irinsa ba, layi-layi kore shar a tsakiyar gonakin da ba komai a cikinsu. Masu wucewa zuwa Zurmi suna rage gudu su kalla. Sai sama ta washe fes, ba ko ɗigon gajimare. Kullum muna zuwa muna dubawa. Da tsakar rana tsiron ya lanƙwashe, da yamma ya ɗan miƙe, washegari ya lanƙwashe da wuri. Daga nan ya daina miƙewa, ya koma rawaya, ya koma kamar zare, iska ta kwashe shi. Da ruwan nan bai zo ba, da irin yana nan a ƙasa yana jira. Ruwan da Baba ya roƙa, a ranar da ya sa, shi ya tada shi, shi ya kashe shi. Ban ce Allah ya aiko yayyafin don ya hore shi ba. Ban sani ba, kuma ina tsoron in shiga irin kuskuren ta wata ƙofa, in ce na san abin da ke zuciyar Ubangiji. Yayyafi dai yakan zo a farkon damina tun kafin a haife mu.

Baba ya ci gaba da buga ƙarfe ran Lahadi, amma a hankali, har wasu suka riƙa makara. Ba wanda ya yi masa dariya a gari, ko in ce ban ji ba, kuma ina jin da an yi da ya fi masa sauƙi, da ya sami abokin faɗa. Wata rana ya tambayi Inna ƙasa-ƙasa ko ta ɓoye ko da cikin tafin hannu ne. Ta ce, "Ka ce rabi na masu shakka ne. Na ji tsoron in zama mai shakka." Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Abincin shekara ana iya nema ko da ƙwadago ne, iri kuma akwai na kasuwa. Amma geron gida, wanda ubansa ya shuka, kakansa ya shuka, ga shi ya ƙare a hannunsa.

Wata safiya na raka shi gonar, ko da yake ba abin da za a yi a cikinta. Ya durƙusa ya tona, ƙasa na zubowa ta tsakanin yatsunsa, ya daɗe bai tashi ba. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Ka ga faɗin saman nan? Daga nan har Shinkafi, har Nijar, har inda ba mu sani ba, duk gonaki ne, duk mutane ne ke dubanta. Ni na tsaya kan 'yar gonar aro na ce ta zo ta shaide ni." Na ce ai don sunan Allah ya yi. Ya ce haka shi ma ya ɗauka. "Amma da ruwan ya sauka, ƙarfe na buga, na sa riga na tafi majalisar Direba. Ban tuna na durƙusa ba."

Ruwan gaske ya zo daga baya. Ba ranar kasuwa ba ce, ba Lahadi ba, ba Juma'a ba, wata rana ce kawai da ba wanda ya sa ta. Ya wuni yana zuba, gulbi ya kawo, gari duka ya fita shuka. Muna shirin zuwa kasuwa neman iri sai ga Baba Direba da sallama, ɗauke da ƙwarya rufe da faifai. Ya ajiye a gaban Baba. Inna ce ta fara ganewa, ta ɗebi ƙwayar ta duba, ta sa hannu ta rufe baki.

"Geronka na, Mai Dogo," in ji shi. "Ka mance shekarar da kab ba ni tiya guda in gwada? Tun sannan shina gonata, can gefen tsamiya. Ya daɗe hannuna ƙwarai, ina jin har ya musulunta. In kana iyawa ka maishe shi coci."

Baba ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Baba Direba ya yi kamar bai gani ba, ya juya yana tambayar Inna ko akwai sauran fura, wai ya ji an ce matan coci ba su iya damu ba. Ashe Baba ya manta da kyautar nan sam. Daga baya yakan ce ba azumin da yake ji da shi ne ya dawo masa da iri ba. Tun kafin ya yi wautarsa Allah ya riga ya ajiye masa geron, a gonar mutumin da ya sa riga ya je yi wa taƙama.

Da Lahadi ta zagayo ya miƙe a inda ya miƙe a da, bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Na ɗauki Ubangiji ɗan aike, na sa masa rana. Shi ba a aikensa. Ku roƙe shi ruwa, ku bar masa ranar." Sannan ya nemi gafarar Fasto a kan maganar da ya faɗa a hanya, wadda Fasto bai ma san an yi ba. Fasto ya yi murmushi ya ce ai ba ƙarya a ciki, ya tsufa, kuma yana jin tsoro, sai dai ba mutanen gari yake tsoro ba. Mun yi shuka a makare, amma irin mai sauri ne, ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Ba a cika rumbu ba, an dai ci, kuma Inna ta sake liƙe tulunta.

Na ɗauka bayan wannan sunan Malam Watakila zai sami daraja a gidanmu, har na fara jin kamar ni ne na yi daidai tun farko. Baba ya lura. Muna ɗaurin dami ya ce mini, "Kada ka yi zaton watakilarka tawali'u ce. Ni na sa wa Allah rana, kai kuwa ko gobe ba ka yarda ka bar masa ba." Na buɗe baki zan ce mai yiwuwa haka ne, sai na rufe. Aiki ya zo daga Gusau a lokacin da na gaji da jiransa, na koyar da yara shekaru masu yawa, kuma har yau ina fama da maganar nan. Ina jin na ɗan rage damuwa, ko da yake matata za ta ce ba ta ga alama ba.

Su biyun duk sun rasu, Baba Direba ne ya riga. Baba ya tsaya daga gefe ana yi wa Direba salla, ya bi har maƙabarta. Gonar hanyar Zurmi yanzu ba mai zuwa, masu bindiga sun raba mu da ita, ina jin gamba ta cinye iyakar. Amma geron gida yana nan. Akwai ɗan fili a bayan ɗakina da nake shuka shi, matata na zaɓen zangarniya ta zuba a gora da toka, wani jikan Baba Direba kuma kan zo ya ɗiba, ya ce kason kakansa ya zo karɓa. Ba ni da ƙorafi, na ci na sha, na ga 'ya'yana sun girma. In aka yi ruwan farko, lasifikar bayan layi na ta sa ranaku, ni nakan fita bayan ɗaki in durƙusa in tona. Gwiwoyina sun fara ciwo, tashi yana mini wuya, amma ban san wata hanya da ake sanin zurfin ruwa a tsaye ba.